Baƙar Hula Da Dokar Berry: Yadda Amurka Ke Tufatar Da Sojojinta

A watan Oktoban 2000 babban hafsan sojojin ƙasa na Amurka, Janar Eric Shinseki, ya ba da wata sanarwa da ta yi kama da ƙaramin al'amari. Ya ce daga ranar 14 ga Yunin 2001, ranar da rundunar za ta cika shekara 226 da kafuwa, kowane soja zai riƙa sa baƙar hula, irin mai laushin nan ta ulu da ake karkatawa gefe guda. Kafin lokacin zaratan sojojin da ake kira Rangers ne ke taƙama da ita, don haka daga wajensu ƙorafin farko ya fito, har wasu tsofaffin 'yan rundunar suka yi tattaki da ƙafa daga jihar Jojiya zuwa Washington don nuna rashin amincewa. Amma rigimar da ta fi wannan girma tana can tana jira a ofishin sayen kaya.

Hukumar da ke saya wa sojoji kaya ta ba da kwangilar huluna kusan miliyan biyar a kan kuɗi wajen dala miliyan 30, ga shi wa'adin wata takwas ne kacal. Da aka laluba faɗin Amurka, kamfani ɗaya tak aka samu mai yin irin wannan hula, Bancroft, a wani ƙaramin gari na jihar Arkansas, shi kuwa ko kwana zai riƙa yi a kan aiki ba zai iya cika adadin ba. Sai hukumar ta ɗaga wa kanta ƙafa, ta rarraba sauran aikin ga masu saƙa a Kanada, Romaniya, Afirka ta Kudu, Indiya, Siri Lanka da ƙasar Sin. Ana cikin haka, ranar 1 ga Afrilun 2001, jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin a kusa da tsibirin Hainan. Matuƙin jirgin Sin ya mutu, Sin kuma ta tsare ma'aikatan jirgin Amurka su 24 har kwana 11. A daidai wannan lokaci na zaman tankiya 'yan majalisa suka yi ca a kan labarin cewa hular da za a kafa wa sojan Amurka a ka, a masaƙar Sin aka yi ta. Ranar 1 ga Mayu mataimakin sakataren tsaro, Paul Wolfowitz, ya ba da umarnin a janye hulunan Sin ɗin, sama da 600,000, kada soja ko ɗaya ya sa.

Abin da ya ba 'yan majalisar bakin magana wata doka ce da ta riga ta shekara 60 tana aiki, wadda aka fi sani da dokar Berry. Tanadinta a taƙaice shi ne, Ma'aikatar Tsaro ba za ta kashe kuɗin da majalisa ta ware mata wajen sayen tufafi, yadi, tanti, takalma ko abinci ba, sai waɗanda aka noma, aka sarrafa, aka ƙera a cikin Amurka.

Tsoron da ya haifi wannan doka ya girmi ita kanta ƙasar. Lokacin da Amurkawa suka tayar wa Ingila, yawancin yadin da suke sawa mai kyau daga masaƙun Ingilar yake zuwa, don haka yaƙi na ɓarkewa suka ga zanen aro ba ya rufe katara. A hunturun 1777 zuwa 1778, a sansanin Valley Forge, dubban sojojin George Washington sun kasa fita aiki saboda rashin takalmi da sutura. Washington bai manta ba. Ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa, 30 ga Afrilun 1789, ya zaɓi kwat mai ruwan ƙasa na ulun da aka saƙa a Hartford, da gangan, alhali yana da halin sa na Landan wanda ya fi shi kyau. A yaƙi na biyu da Ingila matsalar ta sake dawowa: a gumurzun Chippawa na 1814 sojojin Winfield Scott sun shiga fage da riguna masu ruwan toka, domin shuɗin yadin da doka ta tanada ya yi ƙaranci.

Sai dai tarihin ya kuma nuna cewa saye a gida bai hana ha'inci. A farkon yaƙin basasa, a 1861, 'yan kwangilar cikin gida ne suka ɗinka wa sojojin Arewa kaki da yadin da aka yi da niƙaƙƙun tsummoki, wanda ruwan sama na dukansa sai ya fara zagwanyewa a jikin mai shi. Sunan wannan yadi, shoddy, shi ne ya zama kalmar da Turawa ke kiran duk wani aikin algus da ita har yau.

Dokar farko ta gama-gari ta zo ne a tsakiyar karayar tattalin arziki. Ranar 3 ga Maris na 1933, ana gobe zai sauka daga mulki, Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta umarci hukumomin tarayya su fifita kayan Amurka. Shekaru da dama dokar ta kasance mai sauƙin kai: muddin an haɗa kaya a Amurka kuma fiye da rabin kuɗin sassansa na gida ne, ya wadatar, idan kuma na gida ya yi tsada ƙwarai ana iya sayen na waje. Manoma da makiyayan yammacin ƙasar ba su gamsu da wannan ba. A 1939 an yi ta cece-ku-ce bayan Shugaba Franklin Roosevelt ya goyi bayan saya wa sojojin ruwa naman gwangwani daga Ajantina, har ya yaba ingancinsa. Saboda haka da majalisa ta zo ware maƙudan kuɗin shirin yaƙi a Afrilun 1941, sai ta liƙa sharaɗi a jikin kasafin: abinci da suturar soja su zama na gida. Tun daga tushe, ke nan, dokar ƙafa biyu gare ta, ɗaya ta tsaro, ɗaya ta siyasar mazaɓa, kuma har yau da su take tafiya.

Watanni kaɗan bayan haka masu hujjar tsaro suka samu shaidar da ta fi ƙarfin jawabi. Kusan duk silikin da Amurka ke yin laimar saukar sojoji daga jirgi da shi, daga Japan yake zuwa. Dangantaka na tsinkewa a 1941 siliki ya yanke, gwamnati ta kama wanda ya rage a ɗakunan ajiya, aka koma kan nailan, zaren roba da kamfanin DuPont ya fara sayarwa shekaru kaɗan kafin nan. Da babu masana'antar da za ta cike gurbin a gida, da an shiga yaƙin da laimomi ƙalilan.

Wani abin ban dariya shi ne mutumin da dokar ke amsa sunansa ba ya ma cikin majalisa a ranar da aka haife ta. Ellis Berry, lauya kuma mai gidan jarida daga Dakota ta Kudu, ya shiga majalisar wakilai ne a 1951. Mazaɓarsa ƙasar makiyayan tumaki ce, kuma ya zo a lokacin da kasuwar ulu ke tangal-tangal: sayayyar da Amurka ta yi saboda yaƙin Koriya ta ɗaga farashin ulun Ostireliya zuwa inda bai taɓa kaiwa ba, sannan ya rikito. A 1952 Berry ya gabatar da gyaran da ya ƙara ɗaure sharaɗin a kan tufafi, auduga da ulu, daga nan sunansa ya bi dokar. Shekara da shekaru ana sabunta ta a cikin kowane kasafin tsaro, ana ƙara mata kaya sannu a hankali, sai a farkon shekarun 1990 aka mai da ita ta dindindin.

Abin da ya bambanta dokar Berry da ta 1933, kuma ya sa ta zama abin nazari, shi ne yadda take bin riga tun daga gona. Ba ta san rabi ba. Audugar a gonar Amurka za a noma ta, a nan za a gurje ta, a kaɗa zare, a saƙa, a rina, a yanka, a ɗinka. Idan ulu ne, tunkiyar ta Amurka ce, wanki da tsefewa ma a gida. Zaren ɗinki, maɓalli, zif, igiyar takalmi da tambarin da ake liƙawa a kafaɗa duk suna ciki. Ɗan kwangilar da ya shigo da yadi daga waje ya ɗinka a Alabama bai cika sharaɗi ba, ko da telolinsa duk 'yan ƙasa ne. Hikimar a fili take ga duk wanda ya san sana'ar: ɗinki shi ne mataki mafi sauƙin kafawa, keke da tela kawai yake bukata, amma injin kaɗi da na rini jari ne na miliyoyin dala da gwanintar shekaru, idan suka rufe da wuya su sake buɗewa.

Dokar kuma ba ta tambayar wane ne mai kamfani, inda aka yi aikin kawai take tambaya. YKK kamfanin Japan ne, amma zif ɗin da yake yi a garin Macon na Jojiya halattacce ne a jikin kakin soja. Masana'antar da ke tsefe ulu a Jamestown ta Karolina ta Kudu, wadda makiyayan Amurka suka dogara da ita, wani kamfanin Faransa ne, Chargeurs, ya daɗe yana riƙe da ita.

Akwai ƙofofin fita. Ƙananan kwangiloli dokar ba ta hau kansu ba, haka ma kayan da aka saya a ƙasar waje don dakarun da ke bakin daga. Babbar ƙofar ita ce ta rashin samuwa: idan aka tabbatar babu mai yin abin a gida da inganci da yawan da ake bukata, ana iya sassautawa. Ta nan hulunan 2001 suka bi. A yaƙin Iraƙi, da bama-baman gefen hanya suka riƙa ƙona sojoji, majalisa da kanta ta ba da izinin shigo da wani zare mai jure wuta wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke yi, domin babu kamarsa a gida, kuma ba wanda ya isa ya ce a jira.

To, shin dokar ta ceci masaƙun Amurka? Alƙaluma ba su bar wurin musu ba. A 1973 mutum wajen miliyan 2.4 ne ke cin abinci a masaƙu da gidajen ɗinki na ƙasar. Yau ba su kai 300,000 ba. Yarjejeniyar ciniki da Meziko da Kanada ta fara aiki a 1994, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, sannan ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe za su iya shigarwa, wanda aka kafa tun 1974, ya ƙare ɗungurungum. Injuna na zamani ma sun ci nasu rabon ayyukan. A Yulin 2003 kamfanin Pillowtex, magajin tsohuwar masaƙar Cannon da ta gina garin Kannapolis, ya rufe a rana guda, mutum kusan 4,800 suka rasa aiki a Karolina ta Arewa kaɗai. Yanzu cikin kowace riga 100 da ake sayarwa a Amurka, wajen 97 daga waje suke. Tumakin da Berry ya tsaya wa kuwa sun ragu daga miliyan 56 a 1942 zuwa kimanin miliyan biyar.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Abin da Ma'aikatar Tsaro ke kashewa a kan sutura da yadi a shekara yana kai-komo ne a wajen dala biliyan biyu, yayin da talakawan ƙasar ke kashe ɗaruruwan biliyoyi a kantuna. Mai sayen da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na kasuwa ba, komai girman sunansa, ba zai iya riƙe ta ba. Abin da dokar ta yi shi ne ta killace ɗan tsibiri a tsakiyar ambaliya: 'yan masu kaɗi, 'yan masu rini, masu yin takalman soja irin su Belleville na Illinois, da makiyayan da soja ya zama babban mai sayen ulunsu a cikin gida. Wanda ya auna dokar da ma'aunin samar da ayyuka zai ce ta gaza. Wanda ya auna ta da tambayar ko Amurka za ta iya tufatar da sojanta ba tare da neman alfarmar kowa ba zai ce ta yi abin da aka yi ta dominsa, ko da yake da ƙyar, domin a matakai da dama kamfani ɗaya ko biyu ne suka rage. Inda mai sayarwa ɗaya ne gasa ta mutu, farashi ya hau, kuma gobara guda ko karayar jari guda na iya tsai da layin gaba ɗaya.

Badaƙalar hula ta ƙara wa dokar ƙarfi. An ƙwace ikon sassauci daga hannun ƙananan jami'an saye aka mai da shi ga manyan sakatarorin rundunoni, sannan a Disambar 2001 majalisa ta shigar da dokar cikin kundin dokokin soja. A watan da Sin ta shiga kasuwar duniya da ƙafar dama, a watan aka ƙara rufe mata ƙofar barikin Amurka.

Akwai wani ɓangare na labarin da masu yabon dokar ba su cika son tsayawa a kai ba, wato su wane ne ke zaune a kan kekunan ɗinkin. Kaso mai tsoka na kakin soja a tsibirin Puerto Rico ake ɗinka shi, wanda doka ke lissafawa cikin Amurka amma albashinsa ya yi ƙasa da na sauran jihohi. Wani kason na cibiyoyin makafi da naƙasassu ne, waɗanda wata doka ta 1938 ta ba fifiko a kwangilolin gwamnati. Wani kuma na fursunoni ne, ƙarƙashin kamfanin gidajen yarin tarayya da aka kafa a 1934, inda ladan awa ke farawa daga santi 23 ya tsaya a dala ɗaya da santi 15. A 2012 wasu ƙananan gidajen ɗinki a Alabama da Kentucky sun koka cewa ana karɓe musu aiki ana kai wa gidan yari. Dokar ta kare su daga tela ɗan Bangaladash, amma ba ta kare su daga ɗan kurkukun da ke jiharsu ba.

Labarin takalmin gudu ya nuna ƙafar siyasar a sarari. Shekaru da dama sababbin sojoji kuɗi ake ba su a hannu su sayi takalmin motsa jiki da kansu, kuma tun da soja ne ya saya da kuɗinsa, dokar ba ta shafe shi ba. Kamfanin New Balance, wanda ke da masana'antu a Maine da Massachusetts, ya daɗe yana neman a toshe wannan kafa. A 2016 ya fito fili ya ce ya kame bakinsa ne daga sukar yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik saboda an yi masa alƙawarin damar sayar wa soja takalma, kuma ba a cika ba. 'Yan majalisar jihohin biyu, daga jam'iyyu daban-daban, suka haɗa kai, kafin shekarar ta ƙare aka sa sharaɗin a dokar tsaro. Zuwa 2018 an raba kwangilar tsakanin kamfanoni uku, New Balance na ciki. Masu suka sun ce an rage wa matashin soja zaɓin takalmin da ya dace da ƙafarsa don a raya 'yan masana'antu, kuma maganarsu ba ta rasa makama ba.

Yunƙurin faɗaɗa dokar zuwa wajen bariki bai yi nisa ba. A 2009 Larry Kissell, ɗan majalisa daga Karolina ta Arewa wanda ya shekara 27 yana aiki a masaƙar safa, ya samu aka ɗora irin wannan sharaɗi a kan Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Amma Amurka ta riga ta sa hannu a yarjejeniyoyin da suka buɗe kwangilolin yawancin hukumominta ga ƙasashen ƙawance. Suturar soja an keɓe ta tun wajen tattaunawa, ta sauran ma'aikata kuwa ba a keɓe ba. Ko masu binciken fasinja a filayen jirgin sama, waɗanda sharaɗin ya fi shafa, an ci gaba da ɗinka wani ɓangare na kayansu a Meziko, kuma binciken da ofishin bin diddigi na majalisa ya fitar a 2017 ya nuna tasirin dokar kaɗan ne. Sai da annobar korona ta 2020 ta bar asibitocin ƙasar suna rububin takunkumi da rigunan kariya daga Asiya, sannan majalisa ta yi dokar 2021 da ta tilasta wa wasu ma'aikatu sayen irin waɗannan kaya a gida, da kwangilar da ba za ta gaza shekara biyu ba. Wannan sharaɗi na tsawon lokaci amsa ce ga kukan da masu masana'antu suka daɗe suna yi, cewa ba wanda zai sayi inji saboda cinikin wata uku.

Mai karatu a Kaduna ko Kano ba zai rasa jin cewa ya taɓa jin makamancin wannan zance ba. A Mayun 2017 muƙaddashin shugaban Najeriya, Yemi Osinbajo, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomin tarayya ke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da kaki da takalma, ya tafi ga masu ƙerawa a gida. Manufar ɗaya ce da ta Berry, amma ginin ya bambanta. Umarnin shugaba ne, wanda wani shugaban zai iya jinginewa, alhali ta Amurka majalisa ce ta ɗaure ta a jikin kuɗin kansa, ta yadda jami'in da ya saɓa ya kashe dukiyar gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Kaso ne na kuɗi, bai bi riga mataki-mataki zuwa gonar auduga ba. Ga kuma batun lokaci: an yi dokar Berry masaƙun Amurka na kan ganiyarsu, umarnin 2017 kuwa ya zo shekara 15 bayan masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta kulle ƙofarta.

Ita kuwa baƙar hular da ta tayar da ƙurar, shekara goma ta yi a kan sojoji. Sun yi ta ƙorafin cewa tana da zafi, ba ta tare rana, kuma sai da hannu biyu ake iya daidaita ta. A Yunin 2011 rundunar ta mai da ita ta kayan faretin girma, ta dawo da hula mai baki a matsayin ta aikin yau da kullum, wadda kuɗinta bai wuce kusan rabin na waccan ba.